Baba Mai Kukuma da Jikansa Mai Waƙar Waya

Ranar da aka kai Baba makwancinsa a Sabon Birni, na lura duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ɗan yi jim kafin ya buɗe baki, kamar mai neman inda zai sa ƙafa a laka. Mutane sun san yadda ake yi wa malami addu'a, sun san ta ɗan kasuwa da ta manomi. Ta mutum irin Baba ce ba su saba da ita ba.

Matar limamin unguwarmu ta zauna kusa da ni ta ce, "Allah shi jiƙan shi. Allah shi yahe mai abin da halshe ya ɗauko." Na ce amin, kaina a ƙasa.

Wata tsohuwa da ta taho daga Burkusuma a bayan babur ta fara kuka tun daga zaure. Da ta zauna ta huce, sai muka ji tana rera wani tsohon amon waƙarsa a maƙogwaro, ita kanta ba ta sani ba. Mata biyu suka ƙyalƙyale da dariya, suka yi sauri suka toshe baki da mayafi suna istigfari. A waje, wasu dattawa daga ƙetaren iyaka suna ba juna labarin ranar da suka fara ganinsa, har sai da baffana ya leƙa ya ce musu nan gidan makoki ne. Akwai kuma waɗanda suka zo daga Isa, suka yi addu'a a tsaye suka juya, ko ruwa ba su sha ba. Na san dalilinsu.

Ni ce babbar ɗiyarsa. Na daɗe ina jin kunyar zama ɗiyar wannan mutum, kuma ba na son a manta da shi. Abubuwan nan biyu suna zaune a cikina tare, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani.

Baba makaɗin kukuma ne, ƙaramin gogen nan mai tsagiya ɗaya. Amma a ƙuruciyarsa ba kiɗan ne ya sa aka san shi ba, rashin kunyar ne. Lokacin da sauran makaɗa ke durƙusawa a ƙofar masu sarauta, shi kasuwa yake shiga a kan jaki, ya juya wa kan jakin baya, ya ɗaura zanen mata, ya shafe fuska da toka. Ya taɓa tsayawa gaban mai karɓar haraji ya rera masa cewa cikinsa ya riga shi shiga gari, har an ba cikin masauki kafin mai shi ya iso. Kasuwa ta kwashe da dariya, shi kuma aka tasa ƙeyarsa zuwa Isa aka kulle. Da aka sako shi, bai zo gida ba sai da ya biya ta kasuwar ya ƙarasa baitin da aka katse masa.

Inna takan ce ta yi yaji ya fi a ƙirga, kuma ba don ya taɓa zaginta ko ya hana ta abinci ba. Kunyar fita rijiya ce kawai ke korar ta gidansu. Ni kuwa na tashi ana kirana ɗiyar mai zanen mata. In na dawo ina kuka, sai ya ajiye ƙaron da yake goga wa tsagiya, ya ɗora ni a cinya.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wa ya taɓa ki? Hwaɗa min sunan ubanshi, gobe kasuwa."

Sai in ƙara fashewa da kuka, don abin da nake tsoro ke nan.

Yana da wata magana da yake yawan yi: wai gari kamar ƙurji ne, in ba a matsa ba ba ya fashewa. Yana kuma da wata doka da bai taɓa karyawa ba a wancan zamani. Ba ya yi wa talaka zambo, kuma ba ya taɓa mutumin da ke cikin makoki. Mai karɓar harajin nan ma, da ya tsufa ya makance 'ya'yansa suka watse, Baba ne ke kai masa fura duk ranar kasuwa. Sukan zauna a gindin bishiyar bedi suna musu a kan wanda ya fi cutar wani. Ranar da ya rasu, Baba na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Tsufa ya zo masa a hankali. Aka daina karɓar harajin da yake zagi, waɗanda yake zagin suka mutu, 'yan siyasa suka gano cewa bakin da jama'a ke tsoro ya fi daɗin saye. Suka fara aiko masa da shadda. Wani ɗan takara ya ba shi babur. Baba ya koma sa farar riga da hula, yana wasa masu kuɗi a wurin taro, yana sahun gaba a masallaci. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. A lokacin ina gidan aure a Isa, kuma karo na farko ke nan da nake iya faɗin sunan ubana a gidan biki ba tare da na kalli ƙasa ba.

Ashe abin bai ƙare ba, tsallake ni kawai ya yi.

Ɗana na fari, wanda ba za ni faɗi sunansa ba, ya tafi Sakkwato koyon gyaran waya. Ya dawo da wando a yage a gwiwa, an aske gefen kansa an bar tsakiya kamar tukkun zakara. Shi da abokansa suka kama wani shago a bayan tasha, suka liƙe bangon da kwalin ƙwai, suna ɗora murya a kan kiɗan kwamfuta. Ba su da kalangu, ba su da 'yan amshi, ba sa jiran a gayyace su biki. Su yi waƙa da rana, kafin magariba ta shiga wayar kowane mai kabu-kabu daga Isa har Burkusuma. Suna zagin yunwa, suna zagin 'yan siyasa, suna zagin dattawan da suka yi shiru gonaki suka gagari noma saboda 'yan bindigar nan, mutanen daji. Har da ashar a ciki. Uban yaron ya daina zama majalisa.

Da farko Baba dariya yake yi. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma su biyun sun iya shi. In ya zo Isa ya sauka gidana, sai ya kama tukkun yaron ya ce, "Abokina, wanzamin ya mutu ne bai gama ba?"

Wasan ya ɓaci ne ranar da suka saki wata waƙa a kan tsofaffin makaɗa. A ciki suka ce kura ta tsufa, an sa mata takunkumi, ana yawon kasuwa da ita yara na ja mata wutsiya. Ba su ambaci suna ba, amma babu wanda ya tambaya wa ake nufi.

Baba ya zo gidana bai ko cire hula ba. Ina tankaɗe a tsakar gida, yaron na zaune a kan turmi.

"Kai, ni ak kura?"

"Tsoho, in ba kai ba ne mi ya kawo ka?"

"Ja'iri. Tun uwarka ba ta san hannun damanta ba nike kwana gidan yari. Kai mi ka taɓa yi? Ka shiga ɗaki ka ja ƙyaure, ka yi ihu cikin kwalin ƙwai."

"An ji, ka yi. Amma wanda ka zaga ya mutu. Yanzu wa kake zagi? Mutane na barin gonakinsu, kai kana bisa babur ɗin ɗan takara kana hwaɗin shi adali ne. Mu ko ba mu iya kiɗi ba, ba a saye mu ba."

Na ce, "Kai, kakanka ne fa."

Baba ya ɗaga min hannu. "Ƙyale shi, Uwata." Ya juya ya fita. Abincin da na zuba masa ko taɓawa bai yi ba.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma yara sun ga waƙar ta karɓu, suka nemi abin da ya fi ta. Akwai tsohuwar kukumar Baba ta farko, wadda ya shiga gidan yari da ita, tana rataye a ɗakin Inna. Yaron ya je gaishe da kakarsa ya saƙalo ta a riga. Suka ajiye ta a tsakiyar hanya, ya bi ta kanta da babur, abokinsa na ɗauka a waya. Na ga bidiyon a hannun maƙwabciyata. Ƙarar fashewar ƙwaryar ba ta da yawa, amma har yau in na taka busasshen ɓawon gyaɗa sai gabana ya faɗi.

Ubansa ya kore shi daga gida. Inna ta kwanta ciwo. Ni kuma na koma yadda nake ina yarinya, ba na iya fita ko gidan suna. A da ana nuna ni saboda ubana, yanzu ana nuna ni saboda ɗana, kuma a kan ubana.

Baba bai ce uffan ba. Mutane suka yi ta zuga shi, tsofaffin abokansa na cewa in ya yi shiru an binne su duka da rai. Ya yi ta cin goronsa.

Sai wata ranar kasuwar Isa, da hantsi, yarinyar maƙwabta ta shigo a guje ta ce in fito in ga Baba. Na yafa mayafi na bi ta.

Ya shigo kasuwa a bayan ɗan kabu-kabu, ya juya baya yana fuskantar jama'a. Tsoho mai furfura, ba riga, haƙarƙarinsa a waje, ya ɗaura zanen Inna a ƙirji, fuska fari fat da toka. Ya sauka a tsakiyar 'yan hatsi ya ɗora kukuma a kafaɗa. Waɗanda suka san shi a da suka fara guɗa da tafi. Na tsaya bayan wata rumfa, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya fara da jikansa. Ya ce ɗan ɗiyarsa ya sayi wando ɓera ya riga shi sawa. Ya ce zakara ne mai cara a cikin akurki, in an buɗe ƙofa sai ya koma kaza. Ya faɗi wasu abubuwan da ba za ni maimaita ba. Mutane suna riƙe ciki. Na hango yaron a cikin taro da abokansa, shi ma dariya yake yi, ya ɗaga waya sama yana ɗauka.

Sa'an nan Baba ya sauya amo. Ya ce amma yaro ya yi gaskiya, an sayi bakinsa da babur, ya ci shadda ya ƙoshi ya manta da masu jin yunwa. Dariya ta fara raguwa. Ya ce to yau kura ta tsinke takunkumi. Ya ɗaga murya, muryar da na ɗauka ta mutu tuntuni:

"Ba a gasa burodi a daji,
Ba a haƙo mai a daji.
Wa ke kai musu? Yana cikinmu,
Da shi muka yi sallar asuba."

Kasuwa ta yi tsit. Wannan magana ce da kowa ke yi a ɗakinsa da raɗa, ba wanda ya taɓa faɗinta a fili. Baba ya ga yadda ya kama mutane, na kuma ga abin ya shige shi kamar maye. Yana juyawa yana maimaita "wa ke kai musu," yana yawo da izgar da yake goga kukumar da ita a kan fuskokin jama'a. Sai izgar ta tsaya cak a kan wani mai sayar da burodi da ke tsaye bayan teburinsa. Baba ya riƙe ta a nan har ya kai ƙarshen baitin.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga gari. Washegari wasu samari, waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa a hanya kuma suke neman wanda za su huce a kansa, suka je wa mai burodin. Suka ƙone teburinsa, suka yi masa dukan da ya rasa ido ɗaya. Da manya suka bincika, ba a same shi da komai ba. Mutum ne mai 'ya'ya ƙanana, bai taɓa wuce bakin gari da kayansa ba. Da ya fito daga asibiti ya kwashe iyalinsa ya koma Bafarawa wurin wansa.

Yaron ya je Sabon Birni ya durƙusa gaban kakansa, lokacin ina can ina jinyar Inna.

"Tsoho, ka kada ni. Ni ban isa in yi abin da ka yi ba."

Baba ya dube shi. "Mi na ci?"

"Ka hwaɗi abin da kowa ke tsoro."

"Ban san komi bisa mutumin nan ba. Ko sunanshi ban sani ba. Waƙa ta kai inda take son a nuna mutum, shi ko shina tsaye da burodi gabanshi. Ba don Allah na yi ba, ba don gari ba. Don in nuna ma ni na hi ka iya rashin kunya na yi. Ga shi na hi ka."

Yaron ya ce, "Ni na watsa shi."

"Na sani. Mu biyu munka haɗu munka cire ma talaka ido."

Ban taɓa ganin Baba ya yi kuka ba sai ranar. Jikansa na gefe ya kifa kai a gwiwa. Na tashi na shige ɗaki, don bai kamata in ga ko ɗaya daga cikinsu a haka ba.

Bai sake taɓa kukuma ba. Ɗan takarar ya aiko aka karɓe babur ɗin, Baba ya miƙa makulli bai ko tashi ba. Aka yi ta aiko masa da gargaɗi cewa mutanen daji sun ji waƙar, kada ya bi hanya. Duk da haka sai ya hau kabu-kabu ya tafi Bafarawa neman gafara. Matar mai burodin ta ce maigidan ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofar ɗaki. Baba ya zauna a rana a ƙofar gidan har aka kira la'asar, ya dawo. Ya sake komawa, ya kuma komawa, ba a taɓa ce masa shigo ba. Da ƙafafunsa suka kumbura tafiyar ta gagara, sai ya riƙa tambayar duk wanda ya fito daga wajen ko ya ga mutumin, ko ɗaya idon na gani sosai.

Yaron ya bar shagon bayan tasha ya koma gyaran waya. Shi ne ya yi jinyar kakansa, yana juya shi, yana ɗauke masa fo. Ba sa yawan magana. Wani lokaci Baba ya kan miƙa hannu ya shafa kansa, inda gashi ya riga ya cike.

Maganarsa ta ƙarshe da ni ita ce, "Uwata, ki je Bafarawa. Ke mace ce, ƙila shi ji kunyarki."

Kafin addu'ar bakwai muka tafi, ni da yaron. Mun sami mutumin a bakin kasuwa da ɗan ƙaramin tebur, ya sa baƙin tabarau. Na gaishe shi na faɗi ko ni wace ce. Yaron ya durƙusa a ƙasa cikin jama'a.

Na ce, "Malam, Baba ya rasu. Ya bar min saƙo in roƙe ka gafara."

"Na ji rasuwar. Allah shi jiƙan musulmi." Ya juya ɗaya idon wajen yaron. "Wanga shi ne mai wayar?"

"Shi ne."

"Tashi, kana tara min mutane. Na gaji da taron mutane."

Yaron ya tashi. Mutumin ya jawo babbar leda ya fara zuba burodi a ciki, ɗaya bayan ɗaya, har ya kusa share teburin. Ya ɗaure ya miƙo min.

"Hajiya, ki kai ma masu zaman makoki, su sha shayi. Ban samu zuwa ba."

Na karɓa. Na ce, "To batun gafarar fa, Malam?"

Ya gyara zaman tabaransa. "Ke ba ki yi min komi ba. Yaron ga kuma yaro ne, shi je. Amma tsakanina da tsohon, ki bar muna. Ina yaro na sha bin shi kasuwa-kasuwa ina yi mai tahi, don shi kaɗai ke tsaya ma irinmu. Akwai tambayar da nike son in yi mai, kuma ba ke za ki amsa ta ba. Sai mun haɗu."

Muka hau babur muka dawo, ledar na kan cinyata da ɗuminta. A gida mata suka yanka burodin suka raba da shayi, suna yaba laushinsa, suna tambaya a ina na samo. Na ce wani ne ya bayar sadaka. Aka miƙo min nawa, na riƙe shi har shayin ya huce, ban iya kaiwa baki ba.

Ya Allah, ga Baba nan ya zo gare ka da abin da ya faɗa na gaskiya da abin da ya faɗa na zalunci, kai ka san nauyin kowanne. Ka sassauta masa ranar da za a yi masa waccan tambaya, ka kuma saka wa mai tambayar da abin da ya fi idon da ya rasa. Amin.